Gwaji ko magani? Abin da bincike ke nufi a sashen kunne, hanci da maƙogwaro

Abu ne da kan faru a duk asibitin da ake koyar da likitoci. Uwa ta kawo ɗanta saboda kunnensa ya shekara yana zubar da ruwa, likita ya leƙa ya rubuta magani, tana shirin fita sai wani matashin likita ya biyo ta da takarda, ya ce suna wani bincike ne, in ta amince ta sa hannu ko ta dangwala. Tambayar da kan fara fitowa a bakin mutanen Kano ita ce: "Gwaji za ku yi da shi?"

A ɗaya ɓangaren kuma, tun farkon 2024 labari ke yawo a Facebook da WhatsApp cewa an samo allurar da ke buɗe kunnen yaron da aka haifa kurma, iyaye suna cigiyar inda za su kai nasu a saka shi. Wasu na gudun gwaji, wasu na nemansa ido rufe, kuma da wuya a samu wanda aka zauna aka warware masa abin da kalmar ta ƙunsa.

Kalma ɗaya, aiki uku

A Hausar asibiti, "gwaji" na ɗaukar abubuwan da ba su haɗa hanya ba. Akwai gwajin jini, da gwajin ji wanda ake shigar da mutum ɗaki mai shiru a sa masa abin sauraro ya riƙa ɗaga hannu duk lokacin da ya ji ƙara. Wannan awo ne, domin a gane abin da ke damun mutumin. Haka ma idan likita ya ce "sai mun yi bincike", yawanci hoto da awon jini yake nufi. Ma'ana ta uku ce ke kawo ruɗani, wato binciken ilimi: aikin da aka tsara domin samo amsar wata tambaya da za ta amfani majinyatan da za su zo nan gaba. Wanda aka saka a ciki zai iya amfana, zai iya kuma fita bai ƙaru da komai ba, shi ya sa doka ta ce sai an nemi izininsa daban, ba a fake da katin asibitin da ya yanka ba.

Shi kuwa fannin da ake magana a kai, wanda aka fi sani da ENT, ya wuce ciwon kunne da toshewar hanci. Likitocinsa ne ke ciro gyaɗa ko dutsen ado da ya maƙale a hanyar numfashin yaro, su ke tsayar da haɓon da ya ƙi tsayawa, su ke huda maƙogwaro su sa bututu idan numfashi ya toshe. Suna aikin maƙoƙo, da ƙullutun gefen muƙamuƙi, da kansar akwatin murya da ta bayan hanci. Wannan ɓangare na ƙarshe shi ake kira tiyatar kai da wuya, duk da cewa ƙwaƙwalwa da ido da haƙora kowanne da nasa likitan.

Shi binciken ilimi hawa-hawa ne. Na ƙasa shi ne likita ya koma ɗakin ajiyar fayil ya ƙirga: a shekara 5 yara nawa aka kawo da wani abu a kunne, me aka ciro, nawa suka samu matsala. Ba a taɓa jikin kowa. Na gaba shi ne a je makaranta ko kasuwa a auna jin mutane, ko a ɗauki majinyata a riƙa bibiyarsu tsawon watanni. Na sama, wanda shi kaɗai ya cancanci a kira shi gwaji da ma'anar da mutane ke tsoro, shi ne a raba majinyata gida biyu ta hanyar ƙuri'ar da kwamfuta ke jefawa, a yi wa waɗannan magani kaza, waɗancan magani kaza, sannan a kwatanta. Dalilin ƙuri'ar shi ne idan aka bar wa likita zaɓi, ko da bai yi niyya ba, zai riƙa tura masu ƙarfin jiki zuwa aikin da ya fi yarda da shi, sakamakon ya fito da kyau ba don aikin ya fi ba. Kuma ba a halatta ƙuri'ar sai a inda likitoci da gaske ba su san wanne ya fi ba.

Yawancin takardun da ake miƙa wa majinyata a Kano na hawa biyun farko ne. Akwai dalili. Duk likitan da ke neman zama ƙwararre a ƙarƙashin kwalejin horar da ƙwararrun likitoci ta ƙasa, ko kwalejin likitocin tiyata ta Afirka ta Yamma, sai ya gabatar da kundin bincike kafin jarrabawarsa ta ƙarshe. Matashin likitan nan mai bin uwa da takarda, sau da yawa abin da yake haɗawa ke nan, kuma da kuɗin aljihunsa.

Me ya sa wuƙa ta fi ƙwaya wahalar gwadawa

Ƙwayar magani ana iya yin mai kama da ita wadda babu sinadari a ciki, ta yadda majinyaci da likita duk ba su san wadda aka sha ba. Tiyata ba ta ɓoyuwa haka. Wanda aka yanka ya san an yanka shi, wanda ya yi yankan ya san abin da ya yi, kuma hannun wani likitan ya fi na wani. Saboda haka ayyuka da yawa sun daɗe ana yinsu a duniya bisa gado kawai, babban likita ya koya wa ƙarami.

Tarihin cire tonsil, 'yan naman nan biyu da ke gefe da gefe a can cikin maƙogwaro, ya isa misali. A 1934 an duba yara 1,000 'yan shekara 11 a birnin New York na Amurka, aka tarar 611 an riga an cire musu. Aka tura sauran 389 wurin likitoci, suka ce 174 na buƙatar aiki. Aka ɗauki waɗanda aka ce lafiyarsu ƙalau aka kai wa wasu likitocin daban, su ma suka zaɓi kusan rabi. Aka sake yin haka karo na uku. A ƙarshe yara 65 kaɗai suka rage da babu likitan da ya ce a cire musu. Sai a 1984 wani gwaji da aka yi a Pittsburgh ya kafa ma'aunin da har yau ake aiki da shi: aikin ya fi amfanar yaron da maƙogwaronsa ya kumbura sau 7 a shekara ɗaya, ko sau 5 kowace shekara har shekara biyu, ko sau 3 kowace shekara har shekara uku. Wani gwajin na 2013, a kan yara 464 masu minshari da ɗaukewar numfashi cikin barci, ya nuna cewa kashi 79 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aiki sun daidaita, amma kashi 46 na waɗanda aka ce a jira wata 7 su ma sun daidaita ba tare da wuƙa ba. Aikin yana da amfani, jira ma ba sakaci ba ne ga kowane yaro.

A Denmark kuwa, a wani gwaji da aka wallafa a 1981, likitoci sun ɗauki mutum 30 masu wani ciwon can cikin kunne da ke kawo jiri da ƙugi, aka yi wa rabi cikakken aikin da ake yayi a lokacin, rabi aka buɗe ƙashin bayan kunne aka rufe ba tare da an taɓa wurin ba. Duka ɓangarorin suka ce sun samu sauƙi kusan daidai. An yi ta jayayya a kan lissafin daga baya, amma darasin ya zauna: "na ji sauƙi" bayan tiyata ba ya tabbatar da cewa tiyatar ce ta kawo sauƙin.

Mai karatu a Kano ba zai rasa tuna beli ba a nan. Wanzamai sun gaji cire shi, sau da yawa a makon haihuwa, bisa imanin cewa yana hana jariri shan nono ko yana jawo amai da ciwon wuya. Hujjar da iyaye ke bayarwa ita ce an cire wa wane ya warke, irin hujjar da likitocin New York suka dogara da ita a zamaninsu. Bambancin shi ne likitoci sun saka tasu al'adar a sikeli, suka rage ta da suka ga sakamako. Game da beli, abin da asibitoci ke gani shi ne ƙarshen labarin idan ya ɓaci: zubar jini, ruɓewar wurin, da ciwon sarƙewar haƙora. Babu kwamitin da zai amince a jefa ƙuri'a a cire wa rabin jarirai beli, domin babu wata shaidar amfani da za a ɗora a kan haɗarin. Binciken da ya dace da wannan matsala na wani iri ne: me ke sa iyaye kai jariri, wa ke yanke shawarar a gida, kuma wace hanyar magana da wanzamai ce ke rage abin.

Ciwon kansa, inda gwaji ya sauya aiki

Kafin 1991, wanda kansar akwatin muryarsa ta yi nisa, abin da aka sani shi ne a cire akwatin gaba ɗaya, ya rasa muryarsa ta asali, ya koma numfashi ta rami a wuya. A shekarar aka wallafa gwajin da aka yi a asibitocin tsofaffin sojojin Amurka a kan mutum 332. Rabi an cire musu, rabi an fara musu da maganin ciwon kansa na ƙarin ruwa sannan gashi, wato ƙona ƙullun da hasken na'ura. Bayan shekara 2 adadin waɗanda ke raye ya zo ɗaya a ɓangarorin biyu, kashi 68 cikin 100, amma kusan biyu bisa uku na 'yan ɓangare na biyu suna nan da akwatin muryarsu.

A 2015 asibitin kansa na Tata da ke Mumbai a Indiya ya warware wata tsohuwar gardama: idan kansar baki ba ta yi nisa ba, a cire kaluluwar wuya tun a aikin farko, ko a jira sai ta kumbura? Bayan shekara 3, kashi 80 na waɗanda aka cire wa tun farko suna raye, a ɗaya ɓangaren kashi 67.5. Wannan amsa ta fito ne daga ƙasar da majinyatanta da aljihunsu suka fi kama da na nan.

Ba kullum sabon abu ke cin nasara ba. Gwaje-gwaje biyu da aka bayyana a 2018, ɗaya a Amurka ɗaya a Turai, sun kwatanta wani sabon magani mai tsada da ake zaton ya fi sauƙi a jiki da tsohon maganin cisplatin, a kansar maƙogwaro mai alaƙa da wata ƙwayar cuta da ake kira HPV. Tsohon ya fi tsawaita rai.

Sai dai gwajin 1991 ya ginu ne a kan cewa injin gashi na nan, ba ya tsayawa, kuma za a riƙa duba majinyaci a kai a kai domin a yi masa aiki nan take idan maganin bai ci ba. A Najeriya injinan kaɗan ne, layi da tsawo, kuma gashin makonni 6 zuwa 7 da aka katse a tsakiya ba ya ba da sakamakon da ke cikin littafi. Ga kuma zuwa a makare: muryar da ta dishe ta wuce mako 3 ya kamata a leƙa ta, amma akasari ana ɗaukarta sanyi ne, a sha zuma da citta, sai numfashi ya fara gagara a zo asibiti. Ga irin wannan majinyaci, wane ya fi tsakanin cirewa da ƙoƙarin ceton muryar? Gwajin Amurka bai yi wannan tambayar ba.

Abin da ya ci a can, ba lallai ya ci a nan ba

Misali mafi kusa da Kano na sanƙarau ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce kusan mutum 1 cikin 5 da irin sanƙarau mai tsanani ya kama kan fita da lahani mai ɗorewa, kuma kurumta na sahun gaba. Gwaje-gwajen ƙasashe masu arziki sun nuna cewa ƙara allurar dexamethasone a kan maganin kashe ƙwayar cutar na rage kurumtar. Da aka gwada haka a Blantyre ta ƙasar Malawi a kan yara 598, aka wallafa a 2002, ba a ga wani amfani ba. Ana danganta hakan da zuwa asibiti a makare, da tamowa, da wasu cututtukan da yaran ke ɗauke da su. Allura ɗaya, cuta ɗaya, amsa biyu.

Haka abin yake a kurumtar gado. A Turai, babban kaso nata na fitowa ne daga tangarɗa a ƙwayar halitta guda da ake kira GJB2, har ta zama abin da ake fara aunawa. Binciken da aka yi a Najeriya da Kamaru da Afirka ta Kudu ya nuna ba kasafai ake samunta a kuramen waɗannan ƙasashe ba, alhali a Gana akwai wani nau'inta da ya yaɗu. Wanda ya sayo kayan awon Turai ya kawo Kano, a garin da auren zumunci ba baƙon abu ba ne, zai iya kashe kuɗi mai yawa ya dawo hannu rabbana.

Inda aka yi tambayar a gida kuwa, amsar kan zo daidai aljihu. A yammacin Kenya an gwada maganin ɗigawa na ciprofloxacin a kan 'yan firamare masu kunne mai zubar da mugunya, sakamakon da ya fito a 2005 ya nuna ya fi tsohon ruwan wankin kunne busar da shi. A Legas, Dokta Bolajoko Olusanya ta lura cewa tsarin Turawa na auna jin jariri kafin a sallame shi daga ɗakin haihuwa ba zai kai ga jariran da aka haifa a gida ba, sai ta gwada yin awon a wuraren rigakafi, lokacin da ake kawo jarirai allurar BCG, kuma ya yiwu. A Kano, inda haihuwar gida ta fi ta Legas yawa, wannan ya fi kusa da gaskiyar rayuwa.

Tambayoyin da ke jiran irin wannan aiki a birnin ba ɓoyayyu ba ne: jin masu injin niƙa da ma'aikatan masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa, tunda ƙarar da ta kai 85 a ma'aunin ƙarfin sauti na decibel na tsawon awa 8 kullum na cin ji a hankali; illar allurai irin su gentamicin da ake yi barkatai a kemis; abin da ƙurar hunturu ke yi wa hanci; da kuma abin da ya kurumtar da ɗaliban makarantar masu buƙata ta musamman da ke Tudun Maliki, ko sanƙarau ne, ko ƙyanda, ko shawarar jarirai, ko gado.

Inuwar 1996

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A 1996 annobar sanƙarau ta kashe sama da mutum 11,000 a Najeriya. Ana tsakiyarta kamfanin Pfizer ya gwada sabon maganinsa Trovan a Asibitin Zana na Kano a kan yara kusan 200, rabi Trovan, rabi ceftriaxone, maganin da aka saba amfani da shi. Yara 11 sun rasu, 5 a ɓangaren Trovan, 6 a ɗayan, wasu kuma suka fita da kurumta ko shanyewar jiki. Iyalai sun ce ba a gaya musu gwaji ne ba, kuma an rage adadin maganin da aka kwatanta da shi. Kamfanin ya ce an yi wa iyaye bayani da baki sun amince, kuma cutar ce ta yi ɓarnar ba maganin ba. Kwamitin da gwamnatin tarayya ta kafa, wanda rahotonsa ya fito fili a 2006, ya ce gwajin ya saɓa ƙa'ida. A 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba.

Ga likitan kunne, akwai abin lura a nan. Tunda sanƙarau kansa na kurumtarwa, hanyar da za a iya raba laifin cuta da na magani ita ce a auna jin kowane yaro da kyau, a ci gaba da bibiyarsa, a ajiye rubutu. Inda aka yi sakaci da wannan, gardama ba ta ƙarewa. Tabon bai tsaya a kan wannan gwaji ba, domin yana cikin abubuwan da aka riƙa ambato lokacin da Kano ta dakatar da rigakafin shan inna a 2003.

Dokar da ke aiki yanzu

A 2007 Najeriya ta fitar da kundin ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa, a ƙarƙashin kwamitin ƙasa da ake kira NHREC, kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ƙarfafa shi. Babu binciken da ya shafi mutum da zai fara sai kwamitin ɗa'a ya duba ya amince. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano na da nasa, Ma'aikatar Lafiya ta jiha ma haka. Idan magani ko na'ura za a gwada, sai an ƙara da izinin NAFDAC. Idan za a fitar da jini ko tsokar da aka yanko zuwa wata ƙasa, sai da rubutacciyar yarjejeniyar abin da za a yi da su. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sanya bayanan lafiya cikin masu buƙatar tsaro na musamman. A matakin duniya kuma akwai Sanarwar Helsinki ta 1964, wadda aka sake sabuntawa a 2024.

Ga majinyaci, abin da duk wannan ke nufi kaɗan ne kuma a fili yake. Dole a yi masa bayani da harshen da yake ji. Yana da damar ya ce a'a, kuma a ci gaba da duba shi kamar kowa. Yana da damar ya fita ko an yi nisa. Yaro sai da izinin iyaye, wanda ya yi wayo kuma a nemi yardarsa shi ma. Matar aure na iya shawara da mijinta yadda aka saba, amma sa hannun miji ba ya maye gurbin nata amincewar. A wannan fanni akwai ƙarin sarƙaƙiya da ba a cika magana a kai ba: majinyacin na iya zama kurma, ko wanda bututun wuya ya hana shi magana. Bayanin da aka yi wa ɗan rakiya alhali mai ciwon na kallo bai zama izini ba, sai an nemo mai maganar hannu ko an rubuta masa.

Cewa Kano na iya ɗaukar babban gwaji a bisa ƙa'ida ba zato ba ne. A nan aka gwada maganin hydroxyurea domin kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki. Gwajin E-MOTIVE na 2023, wanda ya rage mummunar zubar jini bayan haihuwa da kashi 60 cikin 100 a asibitoci 80 na ƙasashe 4, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta jagoranci ɓangarensa na Najeriya.

Inda ake saɓani

Wasu likitoci da masu tsara kasafi na ganin maganar gwaji ta yi wuri. Rahoton WHO na 2021 ya ce kashi 78 cikin 100 na ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ba su da likitan ENT ko ɗaya ga kowane mutum miliyan, kuma kusan kashi 60 na kurumtar yara ana iya kauce mata da abubuwan da aka riga aka sani, irin su rigakafi da maganin ciwon kunne da wuri. A ganinsu, likitan da layi ke jiransa tun asuba bai kamata a ɗora masa cike takardu ba. Masu ɗaya ra'ayin na cewa ƙarancin kuɗin ne ma ya wajabta binciken, domin mai abu kaɗan shi ya fi buƙatar sanin inda zai sa shi, suna kafa hujja da Malawi.

Akwai saɓani kuma a kan ƙirgar fayil. Masu kare ta na cewa ita ce ke nuna girman matsala, kuma da ita ake neman kayan aiki. Masu suka na cewa fayil na ba da labarin wanda ya iso asibiti ne kawai. Majinyatan Kano na zuwa daga Jigawa da Katsina da Yobe, har da Nijar. Wanda ya warke ba ya dawowa, wanda kuɗinsa ya ƙare ba ya dawowa, wanda ya rasu a gida ba a rubutawa, dukansu a takarda suna ɗaya: ba a sake ganinsa ba. Duk alƙaluman nasarar tiyata da aka ciro daga irin wannan fayil sai a riƙe su da hannu biyu.

Na uku shi ne kyauta. Gwajin da ke da mai ɗaukar nauyi kan ba da magani da hoto da kuɗin mota. Wasu na ganin wannan adalci ne ga wanda ya ba da lokacinsa da jikinsa. Wasu na tambaya: mutumin da ba shi da kuɗin aikin kansa, aka ce masa ga hanya kyauta in ya sa hannu, zaɓi ya yi ko tilas? Kwamitocin ɗa'a kan tsaya a tsakiya, su yarda a biya ɗawainiya, su hana adadin da zai rufe wa mutum ido daga haɗari. Tambayar da ta fi wuya ita ce ta bayan an tashi: na'urar ji, ko wadda ake dasawa can cikin kunne ta hanyar tiyata, na buƙatar batir da gyara da saiti na shekaru, wa zai ɗauka idan masu binciken sun naɗe tabarmarsu?

Allurar kurumta da sauran abin da ya shafi mai zuwa asibiti

Labarin da ke yawo yana da tushe. A Janairun 2024 likitoci a Shanghai ta ƙasar Sin suka ba da rahoton yara 6 da aka haifa kurame saboda tangarɗa a ƙwayar halitta mai suna OTOF. An shigar musu da lafiyayyar ƙwayar can cikin kunne ta hanyar tiyata, 5 suka fara ji. Amma wannan nau'i kaso ne ƙarami na kurumtar gado, kuma dabarar ta yi aiki ne saboda sassan cikin kunnen yaran na nan lafiya, sinadari ɗaya ne suka rasa. Yaron da sanƙarau ko ƙyanda ko allura ta lalata wa waɗannan sassa ba ya cikin lissafin. Duk wanda ya nemi kuɗi domin ya saka yaro a "gwajin allurar kurumta", alamar tambaya na kansa, tunda gwajin gaskiya na da rajista, da lambar amincewar kwamiti, da sunan asibiti.

Abin da bincike ya riga ya tabbatar, kuma iyaye ke iya nema yau, shi ne lokaci. Ma'aunin da ake bi a duniya shi ne a auna jin jariri kafin ya cika wata 1, a tabbatar da matsalar kafin wata 3, a fara taimaka masa kafin wata 6. Yaron da ya tashi daga sanƙarau kuwa a auna jinsa cikin makonnin farko, domin can cikin kunne na iya cikewa da ƙashi, dashen na'urar ji da zai yiwu a wata na biyu ya gagara bayan shekara.

Ita kuma uwar da aka miƙa wa takarda, tambayoyin da za su raba mata hawa na ɗaya da na uku ba su da yawa. Tambayoyi kawai za a yi, ko akwai abin da za a sauya a maganin yaron? Likita ne zai zaɓa ko ƙuri'a? Wane kwamiti ya amince, wa ke biya, kuma wa zai ɗauki nauyi idan wani abu ya faru? Tana da haƙƙin a ba ta kwafin takardar ta tafi da ita gida a karanta mata, ta dawo da amsa ranar da aka ba ta ta ganin likita.